Baƙonka Annabinka: Ina Naƙasasshe Zai Sauka In Ya Yi Tafiya?



  Ni ba malami ba ne, ɗalibi ne kamar da yawanku. In na yi tuntuɓe a magana, manya su gyara mini.

Ranar tunawa irin ta yau, an saba lissafa abubuwan alherin da ƙungiya ta yi, kuma waɗanda suka riga ni magana sun lissafa. Ni kuwa na roƙi izini in tuna mana wani abu da muka kasa, domin har da hannuna a ciki.

Wata shekara da rani muka je taron matasa a wani gari. Ni aka ɗora wa neman masauki. A cikin tawagarmu akwai wani ɗan uwanmu da shan-inna ta taɓa tun yana yaro, yana tafiya da keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu. Ba zan faɗi sunansa ba, amma ya ba ni izinin ba da labarin. Na kira otal a salula, na ce muna da naƙasasshe. Aka ce mini: "Ba matsala, ku taho, akwai komi." Ni ma ban ƙara tambaya ba.

Mun iso bayan magariba, a gajiye. Shi ya riga mu kai wa bakin ƙofa. Mai gadi ya dube shi, bai bari ya buɗe baki ba, ya ce: "Allah ba da haƙuri." Kun san wa ake gaya wa wannan magana. Mutum ne da ya biya kuɗin ɗakinsa, kuma shi zai gabatar da darasi washegari.

Da muka shiga, ɗakunanmu duka a bene suke. Na ƙasa an ba wasu. Mu huɗu muka ɗauke shi muka hau da shi, mutane na kallo, muna ta raha don mu rage nauyin abin. Shi ma ya yi dariya. Kwana uku muka yi. Sai a hanyar komawa na lura leɓensa ya bushe ya tsage. Na ce: "Ɗan uwa, lafiya?" Ya ce: "Ban sha ruwa sosai ba." Na ce don me, ga zafi haka? Ya yi shiru, can ya ce ban-ɗakin da ke benen kullum a jiƙe yake, shi kuma da hannu yake tafiya in ya sauka daga keke. Da hannun da zai ci abinci, da tufar da zai yi salla. Sai ya zaɓi ya rage ci da sha, don kada ya riƙa shiga, kuma kada ya riƙa tada mu cikin dare.

A watan Afirilu, ƴan uwa. A ƙasar nan. Da shekara ta kewayo aka sa sunansa cikin masu tafiya, ya ce yana da uzuri.

Tun daga ranar nake bin wannan magana, kuma abin da na tsinta nake so in raba da ku.

A lakwal da Faransanci ana cewa "aksesibilite". Na daɗe ina neman yadda zan faɗa wa kakata shi ta gane. Abin da na tsaya a kai shi ne: mutum ya iya shiga wuri, ya iya biyan buƙatarsa a ciki, ya iya fita, da kansa, da mutuncinsa. In ɗaya ta faɗi cikin ukun nan, wurin bai karɓe shi ba, ko da an yi masa maraba da fara'a. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaskiya ne. Amma in tabarmar tana can saman bene, gurgu yana ƙasa, fuskar kaɗai ba ta kwantar da shi.

Wani zai ce: su nawa ne ma, kuma ina za su? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa mutum biliyan 1.3 ke rayuwa da babbar naƙasa, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, kusan mutum ɗaya cikin shida. Ku ƙirga mutanen gidanku. Ku sa da tsohon da gwiwa ta hana shi hawa, da wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki, da saurayin da ya faɗi a kabu-kabu aka yanke masa ƙafa. Babu wanda ya karɓi takardar alkawari daga Allah cewa da ƙafafunsa zai kai tsufa.

Batun ina za su kuwa, inda muke zuwa can suke zuwa. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Maraɗi ya haura 600. Wanda ya bi wannan hanya a kar ya san ba a isa a juyo ranar. Dole a kwana. Akwai mai zuwa babbar likita ta Yamai, akwai uwar da ta ɗauko yaronta zuwa likitar CURE da ke yi wa yara masu naƙasa aiki, akwai masu zuwa Galmi da Danja. Akwai ɗalibi mai zuwa jarrabawa ko rajista a jami'ar Abdu Mumuni, ko Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa. Akwai ɗan kasuwa, akwai maniyyaci mai jiran jirgi, akwai mai son ganin kokowar takobin ƙasa da ke zagaya jihohi. In ba ma yawan ganin su a masaukai, ba don ba su da tafiya ba ne. Da yawa sun gwada sau ɗaya, sun ga abin da ɗan uwanmu ya gani, sun haƙura.

Yanzu bari mu koma ga addini, tunda shi ya tara mu. Kowa a nan ya hardace suratu Abasa tun yana makarantar allo, kuma kun san a kan wa ta sauka: Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, wanda ya zo neman ilmi lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake magana da manyan Ƙuraishawa. Wannan sahabi daga baya ya zama ladan tare da Bilal, kuma sau da dama Annabi ya bar masa limancin Madina in zai fita. Ya taɓa neman a sauƙaƙa masa ya riƙa salla a gida, aka tambaye shi ko yana jin kiran salla, da ya ce yana ji aka umurce shi ya amsa. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne: in an ce makaho ya zo cikin jama'a, to jama'a ce ke da nauyin share masa hanya.

Ga kuma Itbanu ɗan Malik, wanda ke yi wa mutanensa limanci. Ganinsa ya yi rauni, kuma in an yi ruwa kwari na cika tsakaninsa da masallaci. Ya roƙi Annabi ya zo gidansa ya yi salla a wani wuri don ya riƙe shi wurin salla. Annabi ya tashi ya je, tare da Abubakar. Buhari da Muslim sun kawo labarin. Ga Amru ɗan Jamuh mai ɗingishi, da ƴaƴansa suka so ya zauna gida, ya ƙi, ya fita Uhudu ya yi shahada. Ga Aɗa'u ɗan Abu Rabah, baƙar fata, mai naƙasa a jiki, wanda ya zama mai ba da fatawa a Makka. Malaman tarihi sun ruwaito cewa halifa Walidu ɗan Abdulmalik ya sa wa makafi ƴan jagora, ya sa wa guragu masu yi musu hidima, daga baitulmali.

Matafiyi ma addini bai manta da shi ba. An rage masa salla, an ba shi damar aje azumi ya rama, kuma wanda guzuri ya yanke masa yana cikin mutum takwas da suratu Tauba ta ce a ba zakka. Girmama baƙo an haɗa shi da imani da Allah da ranar lahira, kauda abin cutarwa daga hanya an lissafa shi cikin rassan imani. To wanda yake matafiyi, kuma baƙo, kuma mai naƙasa, haƙƙi nawa ke nan ya taru a kanmu?

Kakanninmu sun san saukar baƙi. Fatake na da zango a kowane gari, har unguwar Zango ta Damagaram da zangunan Kumasi da Ankara sunansu daga nan ya fito. Baƙo na sauka a zaure, a ƙasa, kusa da ƙofa. Makafi da guragu suna da sarakunansu da ke karɓar nasu in sun zo gari. Yanzu mun koma gini da siminti, muna ɗaga daɓe don gudun ruwan damina, muna sa matakala, muna shimfiɗa karo mai santsi, muna matse ƙofar ban-ɗaki don a rage kuɗi. Ba wanda ya yi haka da mugunta. Lokacin da ake zanen ginin ne ba wanda ya tuna da su.

Doka ma ta yi magana. A ranar 13 ga Disamba 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin naƙasassu, Nijar kuma ta tabbatar da ita a 2008. Sashe na 9 ya wajabta a cire shingen da ke hana su shiga gine-gine da ababen hawa da samun labari, har da wuraren ƴan kasuwa da ke buɗe ga jama'a. Sashe na 30 ya ambaci wuraren wasanni da shaƙatawa da yawon buɗe ido. A Disamba 2019 ƙasarmu ta yi doka mai lamba 2019-62 kan shigar da naƙasassu cikin rayuwar al'umma. Amurka na da tata dokar tun 1990, Faransa tun 11 ga Fabarairu 2005. A Faransa ƙa'idar otal a fili take: in ɗakuna ba su wuce 20 ba, a tanadi ɗaya da aka gyara don mai keke, in ba su wuce 50 ba a tanadi biyu, daga nan kowane 50 a ƙara ɗaya.

Kun tuna 2019, lokacin taron ƙoli na Tarayyar Afirka a Yamai, an gina manyan otal irin su Radisson Blu da Noom da Bravia. Amma ni da ku, da mai rakiyar marar lafiya, ba can muke kwana ba. Muna kwana a ƙananan masaukai, a ɗakunan baƙi na tasha, a azuzuwan lakwal in ana taro, ko a gidan ƴan uwa. Nan maganar take, kuma nan hannunmu zai iya kaiwa.

To me ake dubawa? Ku riƙe waɗannan, ba sa buƙatar digiri.

Na farko, mashiga. Matakala ɗaya ta isa ta tsayar da keke. Maganinta gangare ne, amma gangare na da lissafi. Ƙa'idar da aka fi sani ita ce 1 bisa 12: kowane santimita 1 na tsayi yana son santimita 12 na tsawo. Matakala mai santimita 15 tana son gangare mai mita 1 da santimita 80. Matakala uku, santimita 45 ke nan, suna son mita 5 da santimita 40. Kun sha ganin gangaren da aka liƙa a bakin shago don a shigar da babur. Wannan in mai keke ya hau, baya zai kifa.

Na biyu, ƙofa. Keken da ake turawa faɗinsa na kai santimita 65 zuwa 70, ga hannuwan mai tuƙi a gefe. Ƙofa mai santimita 90 ita ce daidai, in an matsu kada ta gaza 80. A kuma duba dokin ƙofa, kada ya yi tudu. A cikin ɗaki a bar fili mai faɗin mita 1 da rabi inda keke zai juya.

Na uku, ɗakin ya zama a ƙasa. Ko akwai asansar, kun san halin kuran a garuruwanmu. In wuta ta ɗauke, ko Allah ya kiyaye gobara ta tashi, wa zai sauko da shi?

Na huɗu, ban-ɗaki, kuma nan ne mutunci ke tsayawa ko ya zube. Masai na tsugunno ba ya yiwuwa ga wanda ƙafa ba ta ɗaukarsa. Ana son wurin zama mai tsayin santimita 45 zuwa 50, da ƙarfen dafawa a bango, da famfo da buta inda hannu zai kai daga zaune, da ƙasa marar santsi wadda ruwa ba ya kwanciya a kai. In ba halin sauya masai, mai walda na unguwa zai iya ƙera kujera mai huda a ɗora a kai. Ƙofar ta buɗe ta waje, don in mutum ya faɗi a ciki a iya kai masa agaji. Kuma ku tuna irin keken da ya fi yawa a nan, mai ƙafa uku, dogo ne, ba ya shiga ɗaki. Mai shi zai sauka ya ja jiki. Ga irinsa, busasshen daɓe mai tsabta shi ne tsarkinsa na salla. Wurin alwala ma a sa masa dakali ko kujera.

Na biyar, ba mai keke kaɗai ba ne. Makaho in ya sauka, a zaga da shi ɗakin sau ɗaya: ga gado, ga ƙofar ban-ɗaki, ga alƙibla, ga hanyar fita. Bayan haka kada mai shara ya sauya wa kaya wuri, kada a bar bokiti a hanya. In za ka ja shi, ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, kada ka fizgi sandarsa. In za ka ba shi canji, ka faɗa masa: wannan jika biyu ce, wannan dala ɗari. Kurma kuma ba ya jin ƙwanƙwasa ƙofa, ba ya jin ihun gobara. A rubuta masa kuɗin ɗaki da lokacin abinci, a karɓi lambarsa a riƙa tura saƙo, kuma mai gadin dare ya san ɗakin da yake. In akwai mai ɗan iya maganar hannu cikin ma'aikata, ya fi.

Na shida bai cin ko dala: ka yi magana da baƙon, ba da ɗan rakiyarsa ba. Kada ka ce "me yake so?" alhali ga shi a gabanka. Kada ka tura kekensa sai ka tambaye shi. Kada ka ɗauka duk mai sanda bara ya zo.

Na san abin da mai masauki zai ce: kuɗi. Kuma ba ƙarya ya yi ba, fasa ginin da aka gama yana da tsada. Shi ya sa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A lokacin zane, ƙofa mai 90 maimakon mai 70 ba ta rusa kasafin kowa. Ga wanda ya riga ya gina, ba a ce ya gyara duka ba. Ɗaki ɗaya a ƙasa, ban-ɗaki ɗaya, gangare ɗaya. Kuma naƙasasshe da wuya ya yi tafiya shi kaɗai, yana zuwa da ɗan rakiya, in ya ji daɗi kuma zai gaya wa ƴan uwansa. Ɗakin nan shi ne tsoho zai nema, da mai juna biyu, da wanda aka sallamo daga likita.

Saura mu. Ga abin da nake roƙon ƙungiya ta ɗauka, a rubuta, a tambaye mu baɗi.

Duk taron da za mu shirya, takardar rajista ta ƙunshi tambaya: akwai abin da kake buƙata game da masauki? Wanda aka aika neman ɗaki kada ya tsaya ga "akwai komi" kamar yadda na yi. Ya je da ƙafarsa da abin awo, in gari na da nisa ya sa ɗan reshenmu na can ya auna ya turo hoto ta WhatsApp. Gani ya kori ji.

A kwamitin shirya taro a sa ɗan uwa ko ƴar uwa mai naƙasa, a matsayin mai shawara da ake ji. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na kwana uku tare da mutum ban san yana ƙishirwa ba. Kada mu manta ƴan uwanmu mata. Namiji mu huɗu muka ɗauka, mace fa? Wa zai ɗauke ta a gaban jama'a?

Kowane reshe ya zaga masaukan garinsa, cikin ladabi, tare da ƴan ƙungiyoyin naƙasassu na wurin. Suna da tarayyarsu ta ƙasa, sun fi mu sanin aikin. A rubuta a kaye: wane masauki ke da ɗaki a ƙasa, matakala nawa, faɗin ƙofa nawa, wane irin masai. Ba don a kunyata kowa ba, don mai tasowa daga Tasawa ko Madawa ko Ƙonni ya san inda zai dosa tun kafin ya hau mota. Ranar 3 ga Disamba ita ce ranar naƙasassu ta duniya. Mu sa ta zama ranar da kowane reshe zai kawo kayensa.

Kafin mu je ƙofar kowa kuma, mu fara da tamu. Ku dubi mashigar wannan wuri da muke zaune. Ku dubi masallacin unguwarku da wurin alwalarsa. Muna da magina a cikinmu, muna da masu walda, muna da ɗaliban zanen gini. Ƴan buhunan siminti da aikin gayya na ranar Lahadi ɗaya sun isa gangare.

Ɗan uwan nan namu na je na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe tun a mota. Na ce to baɗi za ka zo? Ya ce: "Ka fara zuwa ka auno ƙofar." Na yi masa alkawari, kuma ina neman ku taya ni cikawa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure daga gare ni ne, Allah ya yafe mini. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kai matafiyanmu gida lafiya, ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.